Yadda na zama mai rabon data a unguwarmu

Da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, sai na ce gara in sayi rauta guda a gida, wato ɗan akwatin nan mai raba intanet ta wifi, a zuba mata data ta wata, in huta da "Baba, kunna min hotspot". Na shiga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano na sayo. Yaron shagon ya ce in faɗi lambar sirri, kada ta gaza harafi takwas. Na ce ya sa 12345678. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Alhaji, ai da ita kowa yake fara gwadawa." Na ce masa unguwarmu ta mutanen kirki ce.

Wata bai raba ba, data ta ce ga garinku nan.

Da na kai kuka majalisa bayan isha'i, kowa ya koma injiniya. Wani ya rantse kamfani ne ke zuƙewa. Wani ya ce 5G ce, wai ko kana barci tana sha, alhali rautar tawa ma 4G ce. Wani tsohon ma'aikacin banki ya rage murya ya ce 'yan kutsen Rasha ne. Ni dai na kasa gane abin da ɗan Rasha zai nema a wayar da babu komai cikinta sai hotunan biki da saƙonnin masu bin bashi.

A tsakanin nan na lura samarin layinmu sun bar inuwar darbejiya sun dawo jikin katangata, inda rana ke duka. Babu musun Madrid da Barcelona, kowa ya sunkuyar da kai shiru. Har na ce wa uwargida yaran nan Allah ya shirye su. Mai shayi ma ya jawo teburinsa ya matso.

Ƙanena da ke karatun kwamfuta ne ya zo ya kife rautar, ya karanta lambar da ke manne a ƙasanta, ya buga a waya. Suna admin, lambar shiga admin, yadda ta fito daga kwali. Sai ga jerin wayoyin da ke kai: Tecno, Infinix, itel, Redmi, muna ja ƙasa ba ya ƙarewa. Wani ma ya sa wa tasa suna "Allah saka wa Alhaji". Muka sauya lambar sirrin wifi ɗin da wata doguwa mai haruffa da alamomi, wadda ni kaina sai da na rubuta a takarda na cusa cikin hula.

Samari suka koma darbejiya, musun ƙwallo ya dawo. Ba a jima ba kuma sai ga su jikin katanga. Ashe tun daga Android 10 da ta fito a 2019, wayar da ke kan wifi tana iya nuna hoton QR, wani ya haska da kyamara ya shige ba tare da an furta masa ko harafi ɗaya ba. Ɗana na fari shi ne dillalin. Farashinsa kofin shayi da rabin burodi.

Ran nan raina ya ɓaci, na zauna na bi jerin ina toshe duk wayar da ban gane ba. Ina cikin jin daɗi sai na ji uwargida daga ɗaki, "Malam! Me ka taɓa? Muna magana da Hajiya ta yanke!" Na buɗe tata da sauri.

Washegari da sassafe aka yi sallama. Jikan maigidan hayarmu ne, wanda gidansa ke manne da namu, kuma kuɗin hayata saura wata guda ya cika. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Wai in ji Alhaji, intanet ɗin nan tun jiya ba ya yi, yana so ya ji tafsiri. Kuma wai in an gyara, a ɗan matso da akwatin kusa da tagarsa, don a ɗakinsa sanda ɗaya yake kawowa."

Na ce ya gaida Alhaji, yanzu za a duba.