Kujerar kusa da ɗanka ma sai ka saya?

Jama'a yau dai sai na amayar da abin da ya daɗe yana ci min rai game da kamfanonin jirgin sama, wanda zai ji haushi ya ji. Tsadar tikiti kam mun riga mun saba, mai ya yi tsada, dala ta yi tsada, to shi ke nan. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce ka biya wa ɗanka mai shekara 4 kuɗin kujerarsa, amma in kana so ya zauna kusa da uwarsa sai ka sake ciro wani kuɗin. Wallahi duk ta inda na juya maganar nan ban ga inda ta zama daidai ba.

Ni ne mai yanka wa tsofaffin unguwarmu tikiti a waya a nan Jidda, su Hajiya da su Baba Alhaji da ba su iya shiga manhajar ba, don haka shafukan nan na san su ciki da bai. Farko za a nuna maka farashi mai daɗi har ka ce Alhamdulillahi yau an dace. Kana dannawa sai ka ga ashe wannan kuɗin na kai ne da 'yar jakar hannu mai kilo 7, babu akwati. Ka ƙara akwati, kuɗi ya hau. Ka wuce gaba sai ga hoton cikin jirgi da kujeru kala-kala kowacce da kuɗinta a jiki, ta taga daban, ta gaba daban, har ta tsakiya da ba mai so wani lokacin da nata. A ƙasa kuma da ƙananan haruffa an rubuta cewa in ba ka zaɓa ba za a ba ka duk wadda ta samu. Saurayi mai tafiya shi kaɗai ko a jikinsa, ko kusa da bayi aka ajiye shi zai sa abin kunnensa ya yi barci. Amma uwa mai yara uku tana ganin wannan rubutun gabanta zai faɗi, ta ce min ɗana biya kawai. Wannan faɗuwar gaban ita ake karɓar wa kuɗi, kuma kamfanonin sun fi mu sanin haka.

Abin ba yau ya fara ba kuma ba a nan ya fara ba. A 2008, shekarar da gangar mai ta kai wajen dala 147, American Airlines ya fara karɓar dala 15 a kan akwati na farko, sauran manyan kamfanonin Amurka suka bi sahu, aka ce ai saboda mai ne. Kafin shekarar ta ƙare farashin mai ya rikito, kuɗin akwati kuwa har yau yana nan sai ma hawa da yake yi. Daga akwati aka koma kan kujera. Wani rahoton majalisar dattawan Amurka da ya fito a Nuwamba 2024 ya nuna kamfanoni 5 kacal sun tara dala biliyan 12.4 daga kuɗin zaɓen kujera tsakanin 2018 da 2023. Kujera fa, wadda dama dole su ba ka tunda ba a tsaye za ka tafi ba. Har kamfanin Southwest na Amurka da ya yi suna da cewa akwatinka biyu kyauta ne, a 2025 shi ma ya bi layi. Dalilin kuma a fili yake, yanzu kowa a intanet yake neman tikiti, shafin kuma mafi araha yake ɗorawa a sama, don haka kowane kamfani sai ya tsige duk abin da zai iya tsigewa daga farashin farko don ya fito a sama, daga baya ya karɓe su ɗaya bayan ɗaya bayan ka riga ka shiga. Kamar mai tuwo ce ta rubuta tuwo riyal 2 a bakin ƙofa, sai ka zauna ta ce miya daban, kwano daban, wurin zama ma daban.

Kar a ce ban yi adalci ba. Zuwan kamfanonin araha ya taimaki talaka sosai a ƙasar nan. Flynas ya fara a 2007, flyadeal a 2017, kuma da yawanmu da a da sai dai mu kwana a bas ɗin SAPTCO daga Jidda zuwa Riyad yanzu cikin awa ɗaya da rabi mun sauka. Ban ƙi tsarin a ce kowa ya biya abin da zai yi amfani da shi ba. Mai son miƙe ƙafa ya biya, mai son taga don ya ɗauki hoton gajimare ya biya, mai son ya riga kowa sauka ya biya, abinci ma a sayar, ba komai, araha ba ta ado. Duk waɗannan jin daɗi ne. Amma yaro ya zauna kusa da babbansa ina jin daɗi a ciki? Uwar da ke fama da yaro awa huɗu, ta ba shi abinci, ta kai shi bayi, ta rarrashe shi in kunnensa ya toshe, aiki take yi wa kamfanin da sauran fasinja kyauta.

Ga lissafin mai iyali a nan Saudiyya ga wanda bai sani ba. Mai igama, wato katin izinin zama, da ya ajiye iyalinsa yana biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya. Mata da yara huɗu riyal 2,000 ke nan a wata, 24,000 a shekara, tun kafin a yi maganar haya da makaranta. In za a je gida hutu kowa sai an yi masa bizar fita da dawowa, riyal 200 ta wata biyu. Sannan tikitin mutum 6. To a ce kujera riyal 40 ce, misali nake bayarwa, kuma jirgin ba kai tsaye zai je Kano ba sai ya bi ta Addis Ababa ko Alƙahira, zango biyu tafiya zango biyu dawowa, kujera 6 sau 4 sau 40 ya kama riyal 960. Kusan dubu guda ta tafi a kan mu zauna tare kawai. Wanda ya fi kowa yawan yara shi ne ya fi kowa ƙarancin rarar kuɗi, shi ne kuma tsarin ya fi tatsa.

Wanda bai biya ba kuma sai a je a yi ta a cikin jirgi. Duk mai hawa jirgin Jidda zuwa Kano ko zuwa Port Sudan ya san wannan kallon. Bayan da aka rufe filin jirgin Khartoum a Afrilun 2023 'yan'uwanmu na Sudan, mutanen Mai Wurno da Gadarif da Kassala, suka koma bi ta Port Sudan, kuma yawanci mata ne da yara da tsofaffi, mazan suna nan suna nema. Na taɓa ganin wata baiwar Allah tsaye a tsakiyar hanya da goyo, an jefa ɗanta ɗaya can gaba ɗaya can baya, ita kuma an saka ta tsakanin maza biyu, tana bin mutane ɗaya-ɗaya, don Allah Malam, don Allah Yaya, layi ya tsaya a bayanta mutane suna tsaki, ma'aikaciyar jirgin kuma tana ta cewa a zauna a zauna lokaci ya ƙure. Daga ƙarshe wani dattijo ne ya tashi, wani ma ya tashi, aka haɗa su. Kowa ya ce Allah Ya saka wa dattijo, amin, amma ni abin da na gani shi ne kamfani ya ƙirƙiro matsala ya sayar da maganinta, wanda bai saya ba kuma aka bar shi da kunyar roƙo.

Mu kuma a nan muna da ƙarin wani abu da Bature bai damu da shi ba, maganar mace a tsakanin maza baƙi. Hajiya mai shekara 60 da ta zo Umra ba za ta saki jiki ba in an matse ta tsakanin samari biyu, budurwa haka, matar aure haka. Kwamfutar da ke raba kujeru ba ruwanta da wannan, suna kawai take gani. Shi ya sa jiragenmu kafin su tashi sai an yi ta canje-canje.

Sai dai a nan zan saɓa wa wasunku. Mutumin da ya ƙi tashi ba lalle mugu ba ne. Ina ganin yadda ake zagin irinsu a nan Facebook, wai ba shi da tausayi, wai bai san darajar uwa ba. Haba jama'a. Wataƙila kuɗinsa ya sa ya sayi ta bakin hanya saboda ciwon gwiwa ko ciwon suga da ke sa shi yawan zagayawa, ko yana da wani jirgin da zai kama da zarar an sauka. Ka zo ka ce ya bar maka ita ya koma ta tsakiya can layin ƙarshe, in ya ƙi kuma ka hau shi da harara. Shi ya biya, kai ma ka biya tikiti, ku biyun kuna jin haushin juna, wanda ya karɓi kuɗin kuma yana ofis ba wanda ya ambaci sunansa.

Kuma maganar ta wuce ta tausayi ma. Ana gwada jiragen fasinja ne a kan cewa za a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofi. In Allah Ya kiyaye wani abu ya faru, uwar da ɗanta ke layi 10 a baya kuna ganin ƙofa za ta nufa? Baya za ta juya ta yi karo da kowa. In abin shaƙar iska ya faɗo wa zai saka wa yaron, baƙon da bai san shi ba? Kamfanin da ke hana ƙananan yara zama a layin ƙofar gaggawa saboda tsaro bai kamata ya manta da tsaro ba in an zo wurin da kuɗi zai shigo.

Wasu ƙasashen sun riga sun taka musu burki. Kanada tun 2019 dokarta ta ce yaron da bai kai 5 ba dole a zaunar da shi jikin babbansa kyauta, daga 5 zuwa 11 a layi ɗaya, 12 da 13 kar tazarar ta wuce layi ɗaya. Indiya a Afrilun 2024 hukumar jiragenta ta ba da umarnin yaro har zuwa shekara 12 ya zauna da aƙalla ɗaya daga cikin iyayensa in tikitinsu a haɗe yake. Italiya ta hana karɓar wannan kuɗin tun 2021, Ryanair ya kai ƙara kotu ya faɗi. Sifen kuwa a Nuwamba 2024 tarar yuro miliyan 179 ta lafta wa kamfanonin araha 5, cikin laifukan har da kuɗin jakar hannu da na zama kusa da yara. Ba kuma wanda ya ji jiragen nan sun daina tashi. A nan ma hukumar jiragen saman Saudiyya, GACA, ta fito da sabbin dokokin haƙƙin fasinja a Nuwamba 2023, jinkirin da ya wuce awa 6 akwai diyyar riyal 750, kayan da suka ɓata akwai diyya har sama da riyal 6,500, kuma mutanenmu da yawa ba sa nema saboda ba su sani ba. Ni dai burina in ga ranar da duk jirgin da zai tashi daga Jidda ko Madina ko Kano, da ka saka shekarun yaro na'ura za ta haɗa shi da babbansa da kanta, ba tare da ta tambaye ka ko sisi ba.

A maganar kaya kam ba zan wanke mu tas ba. Mu Hausawa da tsaraba sai Allah, dabino, jallabiyoyi, abayoyi, dadduma, turare, carbi, har bargo da tukunyar shinkafa ta lantarki, an ce kilo 23 mu zo da 35 muna cewa a yi haƙuri. Nauyi kuwa mai yake sha, wannan kuɗin na yarda da shi, in dai an faɗa maka tun farko ba sai a gaban sikeli ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne inda tsadar kilo take tura mutane, wato bin baƙo a filin jirgi ana cewa ɗan riƙe min wannan tunda kayanka ba yawa. Don girman Allah ku daina, masu bayarwa da masu karɓa. An sha kama mutanen da ba su ji ba ba su gani ba a nan saboda jakar da aka liƙa wa sunansu, kuma kun san hukuncin ƙwaya a ƙasar nan har kisa yake kaiwa. Kaya in sun yi yawa a ba masu kargo, ko da zai yi sati biyu a hanya. Zamzam kuma lita 5 ce a kwalinta na filin jirgi, kar a ɗura a jarka a cusa cikin akwati, fito da ita za su yi.

Kafin a gyara, ga ɗan abin da na lura yana rage wahala. In ejan ne zai yankar muku tikiti ku tsaya a kansa ya haɗa ku duka a lambar yankan tikiti ɗaya, don wasunsu suna rarraba iyali gida biyu ko uku saboda su tsinci kujerun araha, daga nan kuma na'ura ba ta san ku 'yan gida ɗaya ba ne, ko a Indiyar ma dokar ba za ta cece ku ba. A duba an saka ranar haihuwar yaro daidai. Da an buɗe tantancewa ta waya, wato inda ake ba ka kujera da katin shiga jirgi, yawanci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a shiga da wuri kafin kujerun da ke jere su ƙare. In kuma ya zama dole sai an roƙi musanya, ku fara gaya wa ma'aikacin kamfanin tun wajen ba da kaya, shi yana ganin duk kujerun a gabansa, sannan in an shiga ciki ku miƙa wa mutum kujerarku mafi kyau ku karɓi tasa, uban ya koma ta tsakiyar, ba a ce baƙo ne zai koma ba.