Fuskar yaro ba kayan TikTok ba ce

Makon jiya 'yar ƙanwata, 'yar aji huɗu a wata firamare nan Aboabo a Kumasi, ta ƙi zuwa makaranta. Uwarta ta zaci zazzaɓi ne. Ashe malaminsu ne ya ɗauke ta bidiyo tana karatun Turanci a gaban allo, harshe na sarƙewa, 'yan aji na ta dariya, ya haɗa da kiɗa ya ɗora a TikTok. Kafin magariba abin ya zaga wayoyin mutane daga Asawase har Sabon Zongo. Da safe aka aike ta sayen koko da ƙosai, yara suka bi ta suna kwaikwayon muryarta.

Sau ɗaya na kalla, ban iya maimaitawa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda take murza bakin hijabinta, tana duban malam ko zai kawo mata ɗauki, shi kuwa waya ce a hannunsa.

Da muka je wurin malamin, cewa ya yi wasa ne, ai ba ita kaɗai yake ɗauka ba. Wallahi wannan amsar ta fi bidiyon ƙona mini rai. Mun kai maka yarinya amana ka koya mata, wa ya ba ka izinin tara mabiya da fuskarta?

Tun 2017 Hukumar Ilimi ta Ghana ta hana bulala a makarantu. To zafin bulala kwana biyu ne, amma bidiyon da ya shiga wayar mutum ɗari, ko ka goge naka, nasu yana nan. Dokar kare bayanan mutane ta 2012, Act 843, ta sa tsauri a kan bayanan yaron da ke hannun iyayensa. Kuma a 2018 aka shar'anta cewa sabon malami sai ya ci jarrabawar NTC, hukumar da ke ba malamai lasisi a Ghana, kafin ya samu lasisi, wanda ke ba da lasisi kuwa yana iya karɓe abinsa.

Ba ina cewa malami ya jefar da waya ba ne. Na san malamai da ke tura darasi a guruf ɗin iyaye da kuɗin datarsu, ga albashi ba ya kai ƙarshen wata. Allah ya saka musu. Amma a ɗauki yaro a ɗora ba da sanin iyaye ba, ko a riƙa tura wa ɗaliba saƙo ita kaɗai da tsakar dare, wannan kam a'a. Malaman makarantun allo da Islamiyya, maganar har da ku.

Malamin ya goge bidiyon, shugaban makarantar ya ba mu haƙuri, mun kuma karɓa. A taron iyaye da malamai mai zuwa zan nemi a rubuta ƙa'ida a manna a ofis, kowane malami ya sa hannu. Iyayen Aboabo, don Allah ku zo a yi da ku. Yarinyar ta koma aji ranar Litinin, amma uwarta ta ce har yau ba ta yarda ta yi karatu da murya ko a gida.