Koren Gida

Da hedimasta ya ce ni zan wakilci makarantarmu a bitar kwana uku a Dutse, ban tambayi a kan me za a yi bitar ba. Cewa na yi, "Ranka ya daɗe, da kuɗin mota?" Ya ce da shi, har da na kwana. Na ce Allah ya sa albarka. Sai da muka kusa Kiyawa na warware takardar gayyatar, na ga ashe horar da malamai za a yi kan koyar da sauyin yanayi. Farkon Janairun 2024 ne, hunturu ya kankama, ina sanye da rigar sanyi biyu da hular da uwargida ta ce ta sa na yi kama da mai shayin tasha.

Aka tara mu a zauren wani otal, aka rufe tagogi, aka kunna na'urar sanyaya ɗaki a tsakiyar hunturu, janareta na ruri a bayan gini yana turnuƙe hayaƙi. A haka aka fara yi mana bayanin illar hayaƙi.

Tsakani da Allah, malamar da ta horar da mu ta san aikinta. Hoton farko da ta haska a majigi wata farar dabba ce ƙosasshiya tsaye a kan guntun ƙanƙara a tsakiyar teku. Aka yi tsit. Wani dattijon malami da ke kusa da ni ya raɗa mini, "Ita wannan ana layya da ita?" Malamar ta lura dabbar ba ta taɓa zuciyar kowa ba, sai ta sauya hoto ta kawo Tafkin Chadi. A 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, zuwa shekarun 1980 ya ƙanƙance bai kai 2,000 ba. Nan kowa ya gyara zama, don akwai waɗanda iyayensu suka yi fataucin bandar kifi daga Baga. Da ta zo kan ambaliyar 2022 kuwa, wadda ta ci rai fiye da 600 a faɗin ƙasar nan, mu mutanen ƙasar Haɗeja ba mu buƙaci majigi ba. A azuzuwanmu waɗanda ruwa ya kora suka kwana.

Mun sha gardama a kan kalmomi. Bature yana da weza yana da kilaimet, mu kuwa duka yanayi muke cewa. Dattijon nan mai layya shi ya raba gardamar: weza ita ce cefanen da maigida ya bayar yau, kilaimet kuwa halinsa ne na shekara 30, kuma uwargida ce kaɗai ke da lissafin. Malamar ta yi dariya har da tafi, ta ce masana ma shekara 30 ɗin suke ɗauka kafin su yanke wa wuri hukunci.

A rana ta biyu, bayan azahar, aka leƙo aka ce takardar sa hannu ta kuɗin mota ta iso. Duk malamin da ya taɓa zuwa bita ya san takardar nan ba ta jiran kowa. Na sulale na shiga layi. Minti 20 na yi. Da na dawo, an riga an wuce wani babi, abin da ya rage a allo kalma ɗaya ce, girinhawus, da kibiyoyi suna sauka daga rana suna komawa sama. Ban ga abin tambaya ba. Girin kore, hawus gida, wannan ko ɗan aji uku na firamare ya sani. Na rubuta a littafina da manyan baƙaƙe: KOREN GIDA SHI KE RIƘE ZAFI. Har na ja layi biyu a ƙasa.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mako na zagayowa hedimasta ya ce in sauke wa ɗalibai abin da na ɗauko. Na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare da ƙarfe takwas na safe, hazo ya rufe gari, yara sun duƙunƙune, leɓɓa duk sun tsattsage. Na rubuta a allo cewa duniya tana ɗumama. Wata yarinya a layin gaba ta zaro hannu daga cikin hijabi da ƙyar.

"Malam, yaushe ɗumin zai iso nan?"

Na ce ta yi haƙuri, yana hanya. Na zuba musu duk abin da na haddace: iskar kabon da a da take kashi 280 cikin miliyan yanzu ta haura 420, yarjejeniyar Faris ta 2015, katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 daga Senegal zuwa Jibuti, wadda Jigawa na cikin jihohi 11 na Najeriya da ta shafa. Duk wannan ya bi iska. Abu ɗaya ne ya zauna, wanda na sa suka maimaita sau uku da ƙarfi.

"Me ke riƙe zafi?"

"Koren gida!"

To, a duk garinmu koren gida ɗaya ne, na wani Alhaji dillalin riɗi, wanda ya shafe shi da koren fenti tun daga zaure har katangar baya shekarar da ya dawo daga Makka. Wallahi ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba.

Maganar ta kwanta har azumi. Wanda ya yi azumin 2024 ba sai an ba shi labari ba, a farkon Afrilu har labari ya zo cewa a Kayes ta Mali ma'aunin zafi ya haura digiri 48. A garinmu kaji na buɗe baki, ƙanƙara ta fi nama daraja. A nan yara suka tuna da karatun malam. Aka fara da raɗa, aka koma waƙa. Bayan sallar asham sai su taru a ƙofar gidan suna tafi: "Koren gida, sakar mana iska!" Wata tsohuwa ta rantse in ta gifta ta wajen har wani hucin take ji a ƙafarta. Masu tallar ƙosai suka sauya hanya. Mai sayar da ƙanƙara kaɗai ne aka ce yana gaishe da Alhaji har ƙasa.

Ana saura kwana biyu Sallah, ɗan aiken dagaci ya yi sallama da ni, ya ce gobe da hantsi ana nemana. A daren ne na zaro takardun da aka raba mana a bita daga ƙarƙashin katifa, karo na farko. A shafi na huɗu ga hoton abin nan: ɗaki ne na gilashi da mutanen ƙasashen sanyi ke noman tumatir a ciki. Ba kore ba ne ma. Uwargida ta leƙo ta ga yadda nake zufa, ta ce, "Malam, ko koren gidan ne ya biyo ka har ɗaki?"

A zauren dagaci na tarar da Alhaji, da liman, da hedimasta wanda ya ƙi yarda mu haɗa ido. Na durƙusa na yi gaisuwa.

"Malam, kai ne ka ce gidan Alhaji ke hana mu barci?"

"Ranka ya daɗe, kuskuren fassara ne."

Na yi bayani yadda ya kamata in yi tun a Janairu. Na ce a ɗauki mota a ajiye a rana a rufe gilasai. Hasken rana zai shiga, zafin kuwa ya rasa hanyar fita. Haka wasu iskoki ke yi wa duniya, suna barin hasken ya sauko, su tare zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kamar bargo. Liman ya gyaɗa kai, ya ce shi dai ya san lokacin da gawo ya cika gonakin arewacin gari, kuma guga ba ya cin igiya kamar yanzu. Dagaci ya kawo labarin farin 1973. Hira ta yi daɗi, fuskar Alhaji ta fara saki.

"To, Malam, ina ruwan fentina a ciki?"

"Babu ko ɗaya, Alhaji. Allah ya huci zuciyarka."

Da a nan na tsaya da na tsira. Amma malami in ya ga ana sauraronsa, bakinsa ba ya da birki. Na ƙara da cewa ai asalin abin hayaƙi ne, na masana'antu da na man fetur da gas, irin wanda manyan motocin ɗaukar kaya ke fitarwa. Hedimasta ya rufe ido. Alhaji tirela uku gare shi.

"Wato ka sauka daga kan gidana ka hau kan motocina."

Dagaci ya danne dariya da gefen rawani, ya yanke hukunci: in an dawo daga hutu in tsaya a gaban asambuli in warware abin da na ƙulla. Na warware, da misalin mota da na bargo, har sau biyu. Yara suka ce sun gane. Idanunsu dai ba su ce haka ba.

Ana gab da Babbar Sallah Alhaji zai aurar da 'yarsa, ya sa aka sake wa gidan fenti, ruwan ɗorawa. Ya ce don biki ne, ban kuma musa ba. Masu fenti suka sauko daga tsani ranar Laraba. Daren Alhamis hadari ya haɗo daga gabas, aka kwana ana ruwa, gari ya wayi da sanyi mai daɗi.

Da safe kafin in kai makaranta mutum bakwai suka tsayar da ni. Tsohuwar nan ta aiko mini da ƙwaryar fura, ta ce dama ita ta san tsoron Alhaji ne ya sa na janye maganata. Da yamma kuma ga yaron Alhaji da saƙo: wai yana gaisuwa, kuma wane launi nake ganin ya dace a yi wa tirelolin?