Yadda na zama Hanci 4K

Tun da aka gama girbin gero aka kwashe kara, samarin garinmu suka koma fakon nan na bayan firamare, duk Asabar bayan la'asar, suna tseren babura. Kun dai san su: Ɗanliti da Boxer ɗinsa, Habu da tsohuwar Jincheng ɗin babansa da aka cire wa salansa, sai yaran ƙauyen gaba masu zuwa da ƙura da cika baki. Kullum sai an tashi da musu kan wanda ya riga wuce aduwa. Aka ce a sayi kyamara ta raba gardama. Aka haɗa naira dubu 60 aka damƙa min, don ni ne mai shagon cajin waya, kuma na taɓa cewa a majalisa na san harkar. Bakina ne ya jawo min.

Mako uku na yi ina ƙona data a YouTube. Na haddace GoPro ta Amurka, wadda Nick Woodman, wani mai wasan hawa igiyar ruwan teku, ya kafa kamfaninta a 2002, da fasaharsu ta hana hoto girgiza da suka fito da ita a 2018. Na haddace Osmo Action ta kamfanin DJI na Sin, mai ɗan allo a gaba don ka ga abin da kake ɗauka. Sai Insta360 mai ido biyu, wadda ke ɗaukar gaba da baya da ko'ina a lokaci guda, daga baya ka zauna ka zaɓi ɓangaren da kake so. Wannan ita na fi rainawa. Na ce wa jama'a almubazzaranci ne, me za mu yi da hoton baya?

Kowane dare ina yi musu karatu a teburin Isuhu mai shayi. Cewa abu mai gudu yana son hoto 60 a daƙiƙa guda, in kuma ana son a rage gudun a ga tayar wa ta riga shiga, sai 120. Cewa memori ma ba kowanne ba, sai mai alamar V30, in ba haka ba ɗaukar ta riƙa yankewa. Kawu Sule mai faci yana gefe yana kurɓar shayinsa, ya ce, "Ɗana, wayar Habu ma ai tana ɗaukar hoto." Na yi masa murmushin da ake yi wa wanda bai waye ba.

Na shiga Kano, Farm Centre, na tambayi kuɗin GoPro. Na ce a maimaita. Aka maimaita. Ya fi kuɗin ragon layya mai kyau a kasuwar Gujungu. Na dawo da wata marar suna, kwalinta an rubuta 4K ɓaro-ɓaro, wato alamar hoto mai fitowa tar, da tarkacen maƙalai cike da leda. Mai shagon bai cuce ni ba, ya faɗa min gaskiya cewa wannan dai ta lallaɓa ce.

Ranar Juma'a muka gwada a hannun babur. Hoton ya fito yana lanƙwashewa kamar kana kallon gari ta cikin randar da aka girgiza. Wannan kam na san dalilinsa: kyamarar layi-layi take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, to in karkarwar inji ta shiga, kowane layi ya kama gabansa. Maganin shi ne a ɗora ta a jikin mutum, ko a hular kwano. Hular kwano ɗaya ce a garin, kuma kazar innar Habu na kwanci a ciki. A ƙirji kuwa Ɗanliti ya ce shi kwanciya yake yi a kan tanki in ya ɗau wuta, sai dai a kalli tanki. Shi ne na ce a goya ni a baya, na riƙe ta a kan sanda ta saman kafaɗarsa. Na ma cire ta daga gidanta na roba da hannuna, don na karanta cewa gidan yana toshe sauti. Ina son a ji komai, in ji ni.

Kawu Sule ne ya ɗaure ta a sandar darbejiya da robar tiyub. Ku riƙe wannan.

Tseren kansa ban san yadda aka yi ba. Na dai san an sauke ni ƙafafuna na rawa, na daure na ce wa yara aiki ya yi kyau, a haɗu a gidan kallo bayan isha'i. Batir ya mutu, ban duba komai ba, na zare memori na miƙa wa yaron da ke kula da talabijin.

Gidan kallo ya cika kamar ranar wasan Arsenal da Chelsea. Mai unguwa ya zo aka ba shi kujera. Surukina, wanda rabonsa da wurin tun da aka buɗe shi, yana gaba-gaba. Na tashi na yi ɗan jawabi kan ci gaban zamani. Aka tada janareta, aka kunna.

Hanci ne ya fito. Hanci kawai, ya cika talabijin daga wannan gefe zuwa wancan. Irin waɗannan kyamarori idonsu mai faɗi ne, duk abin da ya matso kusa sai ya kumbura, na nesa ya tsuke. Ni na koya musu wannan da bakina a teburin shayi. To ga hancina kamar tulu, idanuna can baya ƙanana kamar na ƙadangare, kunnuwa sun gudu sun bar ni. Wani yaro ya ce, "La, Yaya ne!" Aka yi tsit na ɗan lokaci, irin shirun da ake yi kafin hadari ya sauko.

Sai babur ya tashi, kumatuna suka fara kaɗawa kamar tuta. Hulata ta tafi tun a daƙiƙa ta goma. Aka ji muryata tar, don na cire mata gida: "Ɗanliti a hankali. Ɗanliti don girman Allah. Ɗanliti ina da iyali!" Muka daki wata kunya ta tsohuwar gona, bakina ya buɗe har ana hango dasashi, na ƙwala, "Wayyo Inna!" Ni, mai 'ya'ya uku. Mai unguwa ya sa bakin rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Surukina ko motsi bai yi ba, kallo kawai yake, kuma wannan ya fi min ciwo.

Na miƙe zan kashe, aka riƙe min riga. Daga nan na shiga salati, na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Sai ga wurin da ya ƙarasa ni. Hancin nan ya matso, hawaye na gudu zuwa kunne saboda iska, ya ce, "Ya Allah in ka sauke ni lafiya, wallahi gobe zan biya Isuhu kuɗin shayinsa." Isuhu yana layi na uku. Ya miƙe tsaye ya ce, "Jama'a ku shaida!" Aka ce a dawo da wurin baya. Sau huɗu aka dawo da shi.

Minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi, babu babur ko ɗaya a ciki, sai ƙura a bayan ƙeyata.

Yanzu maganar Kawu Sule. Mutumin da ya shekara talatin yana gano hujin ƙaya a tiyub da tafin hannu, a ce bai san gaban kyamara da bayanta ba? Ido ne fa ƙato a gefe guda. Na same shi washegari na ce, "Kawu, tsakani da Allah, da gangan ka juya ta?" Bai ko ɗago daga kwanon ruwan facinsa ba, ya ce, "Ɗana, ai kai ne masani, ni ɗaure ka ce in yi." Wannan mutumin tun bara yake riƙe da ni, a kan cajin wayarsa da na ce sai ya biya naira 100 kamar kowa. Kuma shi ya fara kirana Hanci 4K, a bakin masallaci, yanzu har 'yata ƙarama ta ɗauka.

Musun wanda ya ci tseren yana nan yadda yake. Habu ya ce mako mai zuwa da wayarsa zai ɗauka. Isuhu kuwa, na biya shi rabin kuɗin shayinsa, sauran sai bayan kasuwar Lahadi. Kyamarar tana shago a cikin kwali, Kawu ya aiko wai a mayar masa da robarsa.