Ƙamus ɗin Rumfar Caji

A rumfar mai cajin waya a Samaru, daura da babbar ƙofar ABU, Bakano ɗan kasuwa na jiran wayarsa ta cika. Bazazzagi ɗan boko na gefe da jarida.

BAKANO: Malam, ku da kuka tashi a gindin jami'a tun 1962, mene ne MB ɗin nan da ake sayar mana?

BAZAZZAGI: Megabayit ke nan, Alhaji. Guda 1024 ne ke haɗa GB ɗaya.

BAKANO: Ƙarya ne. MB Minti Biyu ce. Na saya na gani.

MAI CAJI: To GB fa?

BAKANO: Gobe Babu.

BAZAZZAGI: Subhanallahi! Ashe KB kuma...

BAKANO: Kafin Bismillah ta ƙare.

BAZAZZAGI: Matsalar Kanawa ke nan, ilimi ma sai kun yi masa ciniki. To fassara min ATM in kai gwani ne.

BAKANO: Wannan tana da riwaya biyu. In layi ya kai titi, kamar lokacin canjin kuɗi a 2023, Akwai Tsayuwa Malam. In kuwa ka sa kati ta yi gurnani ta yi shiru, Ajiya Ta Maƙale.

MAI CAJI: Mu nan fawa bank ƙarin ruwa muke ce mata. Wayar da ta sume sai a ɗaura mata.

BAKANO: Madalla! Fulashin kuma sallamar matsiyaci, ya ƙwanƙwasa ya ruga.

BAZAZZAGI: A ilimance dai ana kiran wannan...

BAKANO: Rufe mana baki da Turancinka. Wanda ya yi bulokin ɗinka a WhatsApp, me ya yi?

BAZAZZAGI: Ya katse hulɗar sadarwa.

BAKANO: Saki uku ya yi maka! In ya karanta bai amsa ba, yaji ne, ana iya biko.

(Mai caji ya zare wayar, ya riƙe ta gam.)

MAI CAJI: Ta cika, Alhaji. Kuɗin caji.

BAKANO: Ai na tura tun ɗazu.

MAI CAJI: Ban ga alat ba.

BAKANO: To Ajiya Ta Maƙale, ɗana. Ka yi haƙuri da netwok.

MAI CAJI: Akwai riwaya ta uku da ba ta iso Kano ba. (Ya jefa wayar cikin durowa, ya murɗa makulli.) A Tsare Masa.

BAZAZZAGI: (yana gyara tabarau) Wannan riwayar ta Zazzau ce, kuma ita ce ingantacciya.