Ranar da aka mayar da ni marfin kwalekwale

Biki ne a dangin matata, can tsallaken kogin Haɗeja ta ɓangaren Auyo, ruwan Satumba kuma ya cinye hanya, dole sai fito. A kwalekwalen akwai ni, da Hajiya surukata, da wani taubashina, da buhunan shinkafa, da wata tsohuwa mai fura da ba ta cikin gayyar.

Mai fiton dattijo ne. Yana tura gora yana tsine wa kachala. Ya ce tun da aka datse ruwa a Tiga zamanin Audu Bako, a 1974 ke nan, aka zo aka ƙara na Challawa a 1992, kogin ya daina ƙafewa da rani, ciyawar ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, yanzu mutum ba ya ganin abin da ke gabansa. Bai rufe baki ba muka ji ƙwas! Kututture ne a ƙarƙashin ruwa. Katako biyu suka rabu, ruwa ya fara tsartuwa ta tsakiyar jirgi.

Kowa ya ɗauki salati. Shi kuwa Baba ko a jikinsa. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya wuce buhunan shinkafa, ya wuce taubashina da ba shi da auki, idonsa ya tsaya a kaina.

"Alhaji, taso ka dawo nan."

Wallahi na ɗauka girmamawa ce, za a ba ni wurin da ya fi aminci. Na tattara babbar riga na taso. Ya nuna mini tsagar.

"Zauna a kai. Danne da kyau."

Jama'a, farar shadda ce, ta sha sitaci da bugu, ranar na fara saka ta. Na zauna. Sanyi ya fara ratsa wando a hankali, ya bi ta cinya, ya zagaya baya. Kuma Hajiya tana gabana, gwiwa da gwiwa. Matar da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba, wadda idan na hango ta a hanya nake canza lungu. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Daga baya ta ce wa matata wai addu'a take yi. Ni dai ban taɓa jin addu'ar da ake yi da "hihi" ba.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan tsohuwar nan. Baba ya ce ta ara mana ƙwarya a kwashe ruwa, ta rungume abarta ta ce ta gado ce. Da murfin kular Hajiya aka yi ta kwasa. To, ki yi shiru mana tunda kin hana. Ina! Ita ce ta zama mai duba aiki.

"Ɗan nan, karkata hagu, ta can kake yoyo."

"Iya, jirgi ne ke yoyo."

"To ai ku biyun yanzu ɗaya ne. Kai mai gora, ka ce ya daina numfashi da ƙarfi, yana ɗagawa."

Har tambayata ta yi ko ina cin tuwo da dare, wai Allah ya yi wa mai dafa mini albarka, yau ta ceci rayuka. Hajiya ta amsa da amin. Da ƙarfi.

Da ƙyar muka kai wani tudu, aka ja jirgin gefe, aka sauke kaya. Baba ya zaro gwangwanin kwalta daga ƙarƙashin mazauninsa, da 'yan ƙusoshi, da guntun langa-langa. Ya hura wuta da busasshen kara ya ɗora kwaltar, sannan ya ce saura tsumma. Aka yi shiru. Wa kuke jin ya yi magana? Tsohuwar nan mana.

"Ai Alhaji da singileti a ciki, na hango ta. Ta riga ta jiƙe ma."

Na koma bayan kachala na tuɓe, sauro na biki a bayana. Baba ya yayyaga ta, ya riƙa cusawa a tsagar da bakin wuƙa har ta cike, ya zuba kwalta mai zafi, ya ɗora langa-langa ya bi da ƙusa. Gaskiya aikin ya yi kyau, ko ɗigo bai ƙara shiga ba. Sai dai da muka sauka ya karɓi kuɗin fitona cif, ko ragin singileti babu.

Taubashina kuwa, ashe duk abin nan yana ɗauka a waya. Kafin mu isa gidan biki ya riga ya saka a WhatsApp na dangi. Ina shiga da taswirar ruwa a bayan riga, yara suka fara "ga marfi, ga marfi".

Tsohuwar ce dai har yanzu ke ci mini rai. A tudun nan, ina rawar sanyi, ta dama mini fura a ƙwaryar gadon da ta hana, na ɗauka tausayi ne, ina ajiye ludayi ta miƙo hannu. Na ba ta dubu ɗaya, ta ce babu canji, in na sake biyowa ta nan in tuna mata. Na bincika, an ce 'yar wani ƙauye ce ta wajen Kafin Hausa, wasu kuma sun ce ba can ba ne. Duk wanda ya san ta don Allah ya yi mini magana.