Shekara Uku Ana Ce Mini "Ana Kan Bincike"

Ranar Litinin na sake komawa caji ofis, karo na nawa ke nan ni kaina na daina ƙirgawa. Na tarar da baƙuwar fuska a kanta. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, wane kes ke nan?"

Wane kes! Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan Keke Napep, wanda aka tsinci gawarsa da asuba a bakin titi da sara a ƙeya, babu keken, babu wayarsa. Shekara uku ke nan. Ya bar mata da 'ya'ya uku, ƙaramar a lokacin ko yaye ta ba a yi ba.

A makon farko kowa ya nuna zafi. Aka ɗauki bayanina, aka ɗauki na abokan aikinsa. Daga nan aka shiga kawo-kawo: kawo kuɗin mai a je wurin da abin ya faru, kawo kuɗin takarda da biro, kawo kuɗin bin diddigin layin waya. Wayar nan kwana biyu tana shiga bayan mun binne shi. Da hannuna na kira, ta yi ta ringin a aljihun wani. Kafin in haɗa kuɗin da aka yanka mini, an kashe ta. Wata biyar bayan haka aka yi wa ɗan sandan da ke riƙe da kes ɗin canjin wurin aiki, maganar kuwa ta bi shi. Wanda ya gaje shi ya ce bai ga fayil ba. Na bayansa ya ce ya gani, amma babu sabuwar shaida. To wa zai nemo sabuwar shaidar, ni mai sayar da kayan gwari?

Ba na ce duk laifin wannan kurtun ba ne. Na ga teburinsa da idona: rigimar haya, satar akuya, dambe a gidan biki da kisan kai, duk a tuli ɗaya, kuma wanda ke tsaye a kansa yana kumfar baki shi ake fara sallama. Mamaci kuwa ba ya zuwa ya yi hayaniya. Shi ya sa nake cewa a ware sashe guda a rundunar 'yan sanda wanda ba shi da wani aiki sai tsofaffin fayil-fayil na kisan da ba a gano masu yi ba. Kada a tura su tare hanya, kada a tura su riƙe wa matan manya jaka. Kuɗin mansu ya fito daga gwamnati, ba daga aljihun mai takaba ba. Kowane kes a ba shi lamba a sa a kwamfuta, ta yadda ko an tura jami'i Maiduguri gobe, wanda ya zo zai ɗora daga inda aka tsaya. A dokar ƙasar nan laifin kisa ba ya tsufa, fayil ne kawai ake bari gara ta cinye.

Kada kuma wani ya ce mini ba za a iya ba, don a nan Jos muka ga an iya. Lokacin da Manjo Janar Idris Alkali mai ritaya ya ɓace ranar 3 ga Satumba, 2018, a hanyarsa daga Abuja zuwa Bauchi, me aka yi? An bi sawun wayarsa. An kawo injuna aka yi ta zuƙe ruwan wani tsohon kududdufin haƙar kuza a Dura-Du har sai da motarsa ta bayyana, har da wasu motocin da ba su aka je nema ba. A ƙarshen Oktoba aka ciro gawarsa daga wata tsohuwar rijiya, aka gurfanar da mutane a kotu. Allah ya jiƙansa, ban yi masa hassadar ko ɗigon ruwan da aka kwashe ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ashe in an ga dama ana iya ƙafar da tafki. Ni layin waya ɗaya na roƙa a bi.

Wani maƙwabcina ya ce in sanyaya zuciya, ai manyan ma ba su tsira ba. Gaskiyarsa. Dele Giwa, ɗan jarida, an kashe shi da bam a cikin wasiƙa, 1986. Bola Ige, yana kan kujerar Ministan Shari'a na ƙasa aka harbe shi a ɗakinsa a Ibadan a Disambar 2001, waɗanda aka kai kotu duk aka sallame su. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, yana limancin sallar Asuba a masallacin Ɗorayi a Kano, Afrilun 2007. Wannan ba lallashi ba ne, ƙarin gishiri ne a gyambo.

Mu mutanen Jos kuma mun fi kowa sanin abin da kisan da ba shi da mai shi yake haifarwa. Idan hukuma ba ta ce wane ne ya kashe ba, unguwa ce za ta yanke hukunci, kuma ba mutum ɗaya take kamawa ba, ƙabila take kamawa ko addini. Ranar da muka kai ƙanena makwanci, sai da dattawa suka tsaya a bakin layi suna ba matasa baki, don har an fara cewa "su ne". Su wa? Babu wanda ya sani. Wataƙila ma wanda ya sare shi sahu ɗaya muke sallah da shi. Haka ake barin jaki ana dukan taiki, a tare matafiyin da bai ji ba bai gani ba. Bayan rikicin 2001 an kafa kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi, bayan na 2008 aka kafa na Bola Ajibola. An zauna, an saurari shaidu, an miƙa rahoto. Mutum nawa ka sani da aka ɗaure saboda abin da ke cikin rahotannin nan?

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni da kaina na sa hannu a takardar cewa ba ma son likita ya binciki gawa, don muna sauri a yi jana'iza kafin Azahar. Waɗanda suka ga fasinjojinsa na ƙarshe kuma kowa ya ja bakinsa, saboda a garin nan mai ba da shaida shi ke fara kwana a bayan kanta. Sashen da nake magana in bai iya kare mai shaida ba, gara kada a ɓata fenti wajen rubuta allonsa. Kada kuma a yi mana gudun gara a faɗa gidan zago: rundunar 'yan sanda ta SARS ma da sunan maganin 'yan fashi aka kafa ta, kowa ya ga yadda ta ƙare a 2020. A sa ofishin a nan Filato inda talaka zai iya takawa da ƙafarsa, ba a wani bene a Abuja ba, a kuma wajabta musu kiran iyalan mamaci lokaci-lokaci su faɗi inda aka kwana.

Da na dawo ranar Litinin ɗin, Inna tana zaune a kan dardumarta. Ta ce, "Babangida, me suka ce?" Na ce sun ce in dawo bayan mako biyu, mai riƙe da makullin kabad ɗin ya tafi kwas.